Gashin 'yata ya zube a ƙeya bayan aikin zuciya

Assalamu alaikum Anti. Ina da yarinya 'yar shekara huɗu da aka haifa da huji a zuciya. Sati bakwai ke nan da yi mata aiki. An shafe kusan awa shida a ɗakin tiyata, sannan ta kwana a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi. Alhamdu lillahi aikin ya yi kyau, tana ci tana wasa. Bayan ta farfaɗo ta riƙa cewa ƙeyarta na mata ciwo, na taɓa na ji wurin ya ɗan tasa, amma bai fashe ba, ban kuma ɗauke shi komai ba don hankalina yana kan ƙirjinta. Bayan kamar sati uku ina taje mata kai sai gashin wurin ya biyo mataji. Yanzu akwai fili kamar faɗin tafin hannunta, babu gashi ko ɗaya. Surukata ta ce a kira wanzami ya aske kan ya yi tsaga, maƙwabciyata ta ce makero ne ta kawo mini man shafawa, babanta kuma ya ce sakacin likitoci ne. Ni abin da ke cina, ni ce na yi mata kitso na tufke shi a ƙeya da duwatsu ana gobe aikin. Ko ni na jawo mata? Gashin zai dawo? An kuma ce mai yiwuwa a sake yi mata wani aikin nan gaba.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya ƙara mata lafiya ya raya miki ita.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Yadda kika ba da labarin nan, ciwon ƙeya da kumburi a kwanakin farko, sannan gashi ya zube a wuri guda bayan 'yan makonni, ya yi daidai da wani abu da likitoci suka daɗe da sani, wato zubewar gashi saboda daɗewar kai a danne a wuri ɗaya lokacin tiyata. A mafi yawan waɗanda abin ya sama gashin yana dawowa da kansa, ba tare da an shafa komai ba, galibi cikin wata ɗaya zuwa huɗu. Ba zan yi miki rantsuwa ba tunda ban ga kan ba, amma maganar da kika yi cewa wurin bai fashe ba ita ce ta fi kwantar mini da hankali a duk wasiƙar.

Mai barci na yau da kullum ba ya kwana a gefe guda. Da zarar wani wuri a jikinsa ya gaji da nauyi, jikin zai aika saƙo, sai ya juya bai ma sani ba. Wanda aka yi wa allurar barci don tiyata ba shi da wannan gatan. Yadda aka ajiye kansa haka zai zauna har a gama, in awa shida ce awa shida. Fatar ƙeya kuwa tana tsakanin ƙashin kai da gado, ba ta da wani naman kirki da zai tare mata nauyi. 'Yan ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da saiwar gashi sai su matse, jini ya ragu, saiwar ta rasa iskar da jini ke kawo mata. Ba ta mutuwa nan take. Abin da take yi shi ne ta dakatar da aiki ta shiga hutu, duk saiwoyin wurin a lokaci guda. Gashin da ke kanta yana nan maƙale har wasu kwanaki, shi ya sa ba ki ga komai ba sai daga baya. Yawanci zubewar tana bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 28 bayan aikin, kin ga naki ya faɗo a ciki.

Aikin zuciya ya fi yawancin ayyuka jawo wannan. Ana daɗewa, ga shi kuma a tsakiyar aikin na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu, ƙarfin gudun jini yakan yi ƙasa da yadda jiki ya saba, sau da yawa ana sanyaya jikin da gangan don a kare ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, wasu magungunan da ake bayarwa don riƙe jini kuma suna tsuke jijiyoyin fata. A irin wannan hali jiki yakan fifita ƙwaƙwalwa da zuciya, fata ce ke zuwa ƙarshe a rabo. Sai kuma kwanan da ta yi da na'urar numfashi, wanda shi ma kwanciya ce a rigingine ba motsi. Yara ƙanana sun fi manya shiga wannan haɗari don kansu babba ne idan aka gwada da jikinsu. Kan jariri sabon haihuwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawonsa, na babba kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa babban mutum idan ya daɗe a kwance, gyambon kwanciya a ƙugu da dunduniya yake fito masa, yaro ƙarami kuwa ƙeya ce ke fara ji.

Ba sabon abu ba ne, ba kuma a asibitocinmu kaɗai ake ganinsa ba. Tun 1960 wasu likitoci biyu a Amurka, Abel da Lewis, suka rubuta labarin mata takwas da gashinsu ya zube a haka bayan doguwar tiyata. A 1976 wani likita mai suna Lawson da abokan aikinsa, su ma a Amurka, suka bi diddigin waɗanda aka yi wa aikin zuciya, suka ga abu biyu. Na farko, waɗanda suka haura awa 24 da bututun numfashi su ne gashin nasu ya fi ƙin dawowa. Na biyu, da suka fara juya kan maras lafiya duk bayan minti 30, a ɗakin tiyata da bayan an fito, sai masu samun matsalar suka ragu daga kusan 14 cikin 100 zuwa 1 cikin 100. Ki riƙe wannan lissafi na biyu, zai yi miki amfani kafin aiki na gaba.

Yanzu maganar kitso. Ba zan ɓoye miki ba, tufka mai tauri ko duwatsu a ƙeya suna iya tara nauyin kai a ɗan ƙaramin wuri, kuma asibitoci da yawa suna cewa a tsefe irin wannan kafin a shiga tiyata. Amma wa ya gaya miki? Kin yi mata kitso ne don kada gashin ya cukurkuɗe a kwanakin jinya, abin da kowace uwa mai hankali za ta yi ke nan. Kuma wannan zubewar tana samun yara maza masu ƙwal kwabo, tana samun manyan maza da ba su taɓa ganin kitso ba. Awa shida a kan gado da kwana guda da na'ura sun isa su yi wannan ko babu dutse ko ɗaya. Duba abin da ke ƙarƙashin kan maras lafiya kafin a sa shi barci aikin ma'aikatan ɗakin tiyata ne. Ki sauke wannan kayan daga kanki.

Shi kuma maigidan naki, ɓacin ransa ba laifi ba ne, amma kalmar sakaci ta yi nauyi a ce an yanke ta daga gida. Akwai lokacin da za a iya juya kai ba a juya ba, wannan gazawa ce. Akwai kuma lokacin da yaro ke da bututu a maƙogwaro da wata allura a jijiyar wuya, jininsa na hawa da sauka, motsa kan ya fi barinsa haɗari. Wanda bai ga takardun aikin ba ba zai san wanne ne ya faru ba. Abin da ya fi amfani shi ne ya raka ki ranar komawa asibiti, ku nuna musu wurin, ku nemi a rubuta a fayil ɗinta. Likitocin tiyata sau da yawa ba sa ma sanin abin ya faru, don gashin yana zubewa ne bayan an sallami yaro, iyaye kuma su yi ta magani a gida. Idan kun faɗa, yaron da zai hau gadon nan gobe ya amfana.

Gobe da safe ki zaunar da ita a hasken rana ki duba wurin da kyau. Abin da za ki nema shi ne ƙofofin gashi, 'yan ɗige-ɗigen nan da gashi ke fitowa ta cikinsu. Idan fatar launinta ɗaya da sauran kan, tana da laushi, ƙofofin suna nan, to saiwar tana da rai, lokaci kawai take jira. A sati na bakwai ma mai yiwuwa ki ga wani ɗan gashi siriri kamar na jariri ya fara leƙowa, wani sa'in sai kin karkatar da kan za ki gan shi. Idan kuwa wurin ya yi sumul yana sheƙi, ya yi fari ko ya shafe kamar tabon ƙuna, babu ƙofa ko ɗaya, to tabo ne, kuma gashi ba ya tsirowa a kan tabo. Wannan yakan biyo bayan wurin da ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ya fashe ya yi gyambo, ko ya yi baƙin ɓawo mai kauri. Yakan yiwu kuma a samu duka biyun, gefe-gefe ya cike, ɗan tsakiya ya rage. Ki ɗauki hoton wurin da waya yau, ki ajiye wani abu a gefensa don gwada faɗi, ki sake ɗauka duk bayan sati biyu. Idon uwa da ke kallon abu kullum ba ya ganin canji, hoto yana gani.

Maƙwabciyarki ba ta yi wauta ba da ta ce makero, don shi ne ya fi yawa a kan yaranmu. Amma makero yana da alamunsa: ƙaiƙayi, furfurar amosani a kan filin, guntayen gashi da suka kakkarye, wani lokaci da kaluluwa a bayan wuya, yana kuma faɗaɗa ko ya fito a wurare da yawa, ya kama sauran yaran gida. Na dannewa ba ya yaɗuwa, ba ya ƙaruwa bayan ya gama zubewa, yana nan daidai inda kai ya taɓa gado. Akwai kuma wata zubewar da garkuwar jiki ke jawowa, mai yin fili zagayayye sumul, amma ita ba ta farawa da ciwo da kumburi. Likita zai bambance su da ido, in ya yi shakka ya kankari ɗan ɓawon fatar a duba. Ko da ma makeron ne, na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani na makonni, kuma yarinyar da ke kan magungunan zuciya ba a ƙara mata wani sai da sanin likitanta.

Maganar tsaga ita ce inda zan ɗaga murya. Kada a yi. Ba ina raina Hajiya ba ne, na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma a iya saninta haka ake fitar da mataccen jini. Amma jikarta ba kamar sauran yara take ba a yanzu. Yawancin hujin zuciya ana toshe shi ne da wani ɗan faci, kuma jiki yana ɗaukar kimanin wata shida kafin ya lulluɓe facin da nasa naman. A cikin wannan lokaci, duk ƙwayar cutar da ta samu hanya ta shiga jini tana iya zuwa ta zauna a kan facin ta haddasa ciwon da ke cin cikin zuciya, wanda jinyarsa makonni ne na allurai a gadon asibiti, wani lokaci har sai an sake buɗe ƙirji. Askar da ta tsaga fata ƙofa ce ta buɗe. Idan kuma an ba ta asfirin ko wani maganin tsinka jini, kamar yadda ake ba wasu yaran bayan aikin zuciya, to jinin ma ba zai tsaya da wuri ba. Bayan duk wannan, tsagar da kanta tabo take bari, a daidai wurin da muke addu'ar kada tabo ya fito. Saiwar da ta tsallake awa shida na tiyata sai aska ta ƙarasa ta. Haka ƙaho, haka sakiya. Wannan dalilin ne ma ya sa zan ce ko hujin kunne ko cire haƙori, a tambayi likitan zuciyarta tukuna.

Aski kuma ba ya sa gashi fitowa. Abin da ke tsirar da gashi yana can cikin fata, reza ba ta kai wurin. In kina so a rage sauran gashin don kada filin ya fito sosai, a yi da almakashi.

Yadda za ki gaya wa surukarki ma yana da muhimmanci. Kada ki ce mata "maganinku ba ya aiki", faɗa za a yi. Ɗanta ne ya kamata ya same ta ya ce likita ya hana duk abin da zai fitar da jini a jikin yarinyar har sai zuciyar ta warke. Idan akwai hali ku tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta. Addu'a da tofi kuwa ta yi iya son ranta, babu wanda ya hana.

Man da aka kawo miki, ki ajiye shi har likita ya gani. Da yawa daga cikin mayukan da ake sayarwa a kemis da sunan maganin kowace cutar fata suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin wanda ke cikin man bilicin, yana sirantar da fata, kuma fatar yaro tana tsotsarsa zuwa cikin jiki fiye da ta babba. Tafarnuwa da ake gogawa tana ƙona fata har ta yi ƙuraje, kanwa da toka da man birki kuwa ba sai na faɗa ba. Akwai wanda nake so ki riƙe sunansa don nan gaba kaɗan wani zai kawo miki shi, wato minoxidil, wanda maza ke shafawa don sanƙo da gemu, ana kuma zuba shi cikin wasu mayukan gashi da ake tallatawa a intanet. Asalinsa maganin hawan jini ne, daga baya aka lura yana tsirar da gashi. Yana iya saukar da jini ya sa zuciya bugawa da sauri, kuma yaro idan ya kurɓe shi abin gaggawa ne. Ga yarinyar da aka buɗe wa ƙirji sati bakwai da suka wuce, kada ya shigo gidanki.

Abin yi kaɗan ne, na san kuma wannan ne ke da wuya ga uwa. Ki wanke kan da sabulu marar ƙarfi, ki tsane da tawul ba gurzawa. Idan fatar lafiyayya ce ba rauni, ɗan man kaɗanya ko man zaitun ba zai cuce ta ba, sai dai laushi zai sa, ba shi ne zai fito da gashin ba. Ki sa mata hula ko ɗankwali marar matsi idan za ta fita, don fatar da ta saba da inuwar gashi rana tana ƙona ta. Kada a yi kitso mai tsauri a kewayen wurin da niyyar rufe shi, jan da ake yi wa gashin gefe wata zubewar ce daban yake jawowa, irin wadda muke gani a goshin 'yan mata. A tattara gashin sama a sake shi ya sauko a hankali ya isa. Ta ci abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, kifi, nama, zogale. Ki tambaya ko an auna jininta bayan aikin, don yaron da ya zubar da jini a tiyata yakan samu ƙarancinsa, wannan kuma yana jinkirta gashi. Idan wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya fara ruwa ko mugunya, ko kuma zazzaɓi ya zo mata, ranar za ki kai ta asibiti, ba jiran ranar da aka ba ku ba.

Gashi yana tsawo kimanin santimita ɗaya ne a wata, namu mai nannaɗewa kuma ba ya nuna tsawonsa da wuri. Saboda haka ko ya fara fitowa yanzu, zai ɗauki watanni kafin ya kamo 'yan'uwansa, na farkon kuma kan fito siriri ko da ɗan haske. Wani abu kuma da zan gargaɗe ki don kada ki firgita: wata biyu zuwa uku bayan babbar tiyata ko zazzaɓi mai tsanani, wasu sukan ga gashi yana zuba daga ko'ina a kai, ba wuri guda ba. Wannan gajiyar jiki ce, daban take da ta ƙeya, kuma tana tsayawa da kanta.

Idan an cika wata huɗu babu ko alamar tsiro, ki nemi a tura ku wurin likitan fata, asibitocin koyarwa suna da su. Idan aka kai wata shida zuwa shekara wurin yana nan sumul, to a ɗauka tabo ne. Ko a nan ba a rasa abin yi ba. Ƙaramin tabo ana iya yanke shi a haɗe fatar da ke da gashi. Babba kuma akwai dabarar sa wata 'yar jaka ƙarƙashin fatar da ke kusa, a riƙa cika ta da ruwa sannu a hankali har fatar ta miƙe ta isa rufe wurin, akwai kuma dashen gashi idan ta girma. Duk waɗannan ba na gaggawa ba ne, kuma ƙeya wuri ne da gashin mace ke rufewa cikin sauƙi.

Ita kanta yarinyar, a shekara huɗu ba ta ganin ƙeyarta, fuskarki take gani. Idan kowane baƙo ya shigo aka cire mata hula ana salati ana jajantawa, za ta gane cewa akwai abin kunya a jikinta. Ki gaya mata a sauƙaƙe cewa gashin wurin ya gaji ne lokacin da likita ke gyara mata zuciya, yana hutawa. In ta koma makaranta ko islamiyya, ki ja malamarta gefe ki ce mata ba abin da ake ɗauka ba ne, don kada a ware ta da zaton makero.

Aiki na gaba, in Allah ya ƙaddara za a yi, kina da abin faɗa. Kafin ranar, likitan da ke sa barci zai zo ya yi muku tambayoyi, shi ne mutuminki a wannan magana, ya fi mai yin tiyatar, don shi ke tsaye a wajen kai tun daga farko har ƙarshe. Ki nuna masa hotunan, ki ce gashinta ya taɓa zubewa a ƙeya bayan aikin farko. Ki roƙa a sa mata matashi mai laushi wanda ke baza nauyi, a riƙa ɗaga kan ko a sauya masa zama a kai a kai gwargwadon yadda aikin ya bari, a ci gaba da hakan a ɗakin kulawa ta musamman. Akwai wani abin tallafe kai mai kama da gammo da ake amfani da shi a ɗakin tiyata. Yana hana kai gangarawa, amma mai taurinsa yakan danne fata a zagaye, don haka ba laifi ki tambaya wane iri za a sa mata. Ke kuma ki tsefe kan tas, ba dutse, ba roba, ba ƙari. In kina tsoron cukurkuɗewa, ki yi mata kalaba biyu sakwa-sakwa a gefe da gefe, ƙeyar ta zama fili. Lokacin da aka ba ki izinin shiga dubiya, ki tambayi nas ko za ki iya zura hannu ƙarƙashin kan ki shafa. Idan kin ji kumburi ko ɗumi, ko ta ce akwai ciwo, ki faɗa musu a take su duba su sauya mata kwanciya.